Garaje Ba Ƙarfi Ba Ne: Tarihin Gasar Ɗaga Ƙarfe da Raunukan da Ta Bari a Jikin Ma'abotanta

A shekarar 1944 rundunar sojan Amurka ta tura wani matashin likita mai suna Thomas DeLorme zuwa asibitin Gardiner da ke birnin Shikago. Asibitin ya cika maƙil da sojojin da Yaƙin Duniya na Biyu ya dawo da su da karaya da gwiwoyin da aka yi wa tiyata. Abin da likitocin wancan zamani suka yarda da shi shi ne majinyaci ya huta, ya riƙa ɗan motsa gaɓa ba tare da nauyi ba. Saboda haka soja kan share watanni a gado, cinyarsa tana tsotsewa. DeLorme kuwa ɗan ɗaga ƙarfe ne tun yana saurayi, da ƙarfen ma ya farfaɗo daga wata doguwar jinya da ya yi. Sai ya ɗaura wa majinyata takalmin ƙarfe, ya sa su miƙe gwiwa da nauyi, yana ƙara musu kaɗan-kaɗan. Suka tashi da wuri fiye da yadda aka saba gani. Ya wallafa sakamakon a 1945. A 1948 shi da abokin aikinsa Arthur Watkins suka daidaita tsarin ya koma zubi uku, kowane zubi ɗagawa goma: na farko da rabin nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau goma, na biyu da kashi uku cikin huɗunsa, na uku da cikakkensa. Har a kan masu shan inna sun gwada shi, aka ga tsokar da cutar ta rage tana ƙara ƙarfi.

Ni ma'aikacin sashen gashi da motsa gaɓoɓi ne a asibiti, da wannan tsari aka yaye mu. Da yamma kuma ina cikin masu ɗaga ƙarfe a unguwarmu. Ƙarfen da nake miƙa wa dattijon da aka yi wa aikin gwiwa don ya koma tsayuwar salla, shi ne dai ƙarfen da ke kawo mini saurayi riƙe da kafaɗa yana cije leɓe. Abu uku ne suka raba su: yawan nauyin, da saurin da aka ƙara shi, da hutun da aka bari a tsakani. Babu wasan da ya gwada gaskiyar wannan a jikin mutane kamar fawaliftin, gasar ɗagawa uku, wadda yanzu ta haura shekara sittin. Wanda ya bi tarihinta zai ga yadda ma'abotanta suka sayi wannan ilimi da ƙasusuwansu da jijiyoyinsu, kuma bai kamata yaranmu su sake biyan kuɗin abin da aka riga aka saya ba.

Daga tsakar gida zuwa dandalin duniya

A shekarun 1950 wasan ƙarfi da duniya ta sani shi ne na Olamfik, inda ake fizgo ƙarfe daga ƙasa a kai shi sama da kai. Tsuguno da sanda a kafaɗa, da turin benci, da cirar ƙarfe daga ƙasa, duk atisaye ne kawai na share fage. Mutum biyu suka fito da darajarsu. Na farko Doug Hepburn ne, mutumin Bankuba ta Kanada, wanda aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa. A 1953 ya zama mutum na farko da ya tura laba 500 a benci, kimanin kilo 227, kuma a shekarar ya ci gasar duniya a birnin Sitokhom. Tsarinsa ya cancanci a kula da shi. Yakan zaɓi nauyin da bai kai iyakarsa ba, ya yi zubi takwas na ɗagawa bibbiyu, kowace rana ta atisaye ya ƙara ɗagawa ɗaya tak, sai duk zubin sun koma uku-uku sannan ya ɗora ƙarin ƙarfe kaɗan ya koma farko. Na biyu Paul Anderson ne, daga garin Tokowa na jihar Jojiya, wanda ya ci zinare a Olamfik ta Melbon a 1956. Shi rami ya haƙa a tsakar gidansu, ya gitta sanda mai duro biyu a bakinsa, ya shiga ramin yana ɗago su ɗan taƙi. Sannu a hankali ya riƙa cike ramin da ƙasa, tsugunon yana ƙara zurfi, nauyin yana nan yadda yake. Mutanen biyu da suka fi kowa ƙarfi a zamaninsu, dukansu da haƙuri suka gina shi.

Bob Hoffman, mai kamfanin York Barbell a jihar Fensilbaniya, shi ya shirya gasar fawaliftin ta ƙasa ta farko a garin Yok a 1964. Ta hukuma ta biyo baya a 1965, ta duniya ta farko a 1971. A 1972 aka kafa hukumar wasan ta duniya, IPF, mata kuma suka samu tasu gasar duniya a 1980. Ƙa'idar ba ta canja ba tun daga nan. Ɗagawa uku ce, kowace ana ba ɗan wasa dama uku, alƙalai uku suna kunna farar fitila ko ja, a haɗa mafi nauyi daga kowace a fitar da jimla. Abin da ake aunawa shi ne ɗagawa ɗaya tak a ƙarshen ƙarfin mutum. A nan matsalar ta samo asali. Tunda a bakin iyaka ake cin gasa, zuciya sai ta riƙa raya wa ɗan wasa cewa a bakin iyaka ya kamata ya kwana ya tashi.

Abin da ke tsinkewa, da dalilin tsinkewarsa

Sassan jiki ba tare suke girma ba. A makonnin farko na atisaye ƙarfi kan hau da sauri, domin ƙwaƙwalwa ce ke koyon yadda za ta tara tsokoki su yi aiki tare. Bayan haka tsoka ta fara kauri. Jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi ita ce ta baya, saboda jini kaɗan ke ratsa ta. A 2013 masu bincike a birnin Kofanhagen sun auna agarar ƙafar mutane, suka gano cewa tsakiyarta kusan ba ta sabuntuwa bayan mutum ya kai shekara 17. Ma'ana, tsoka tana iya ninka ƙarfinta cikin ɗan lokaci, alhali igiyar da take ja da ita ba ta tashi daga inda take ba sai kaɗan.

Shi ya sa kowace ɗagawa take da raunin da aka san ta da shi. A turin benci babbar tsokar ƙirji ce kan ɓalle daga ƙashin dantse, galibi a daidai lokacin da sanda ta sauko ƙirji aka fara turawa. Mai ita kan ce ya ji kamar an yaga ƙyalle, washegari jini ya kwanta baƙi ƙirin daga hammata zuwa gwiwar hannu. A cirar ƙasa, mai riƙon sanda da tafi ɗaya sama ɗaya ƙasa, idan ya ɗan lanƙwasa hannun da ke kallon sama, jijiyar ƙwanjinsa na iya tsinkewa a gwiwar hannu, tsokar ta naɗe ta hau sama. A tsuguno jijiyoyin sama da ƙasan ƙoƙon gwiwa ne ke cikin haɗari. Gadon baya da ƙugu kuwa suna shan wahala a duka ukun.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Mai ɗaga nauyi yakan cika ciki da iska ya riƙe numfashi don ya ƙarfafa bayansa, wannan kuma na harba jini sama. A 1985 masu bincike a Kanada sun auna hawan jinin 'yan wasa kai tsaye daga jijiyar jini suna cikin tura nauyi da ƙafafu. Matsakaicin abin da suka gani 320 bisa 250 ne, a jikin mutum ɗaya har ya wuce 480 bisa 350. A Yulin 2016, a birnin Lids na Ingila, Eddie Hall ya zama mutum na farko da ya ciri kilo 500 daga ƙasa, a gasar ƙarfafa da ke halatta ɗaure hannu da maɗauri. Yana ajiye sandar ya durƙushe, jini na fita daga hancinsa. Miliyoyin matasa sun kalli faifan bidiyon, yawancinsu ɗagawar suka riƙe, ba su riƙe durƙushewar ba.

Makarantu biyu daga Gabas

Muhawara kan yawan nauyin da ya kamata a yi atisaye da shi ba a Amurka ta nuna ba. A ƙasashen gurguzu ta nuna, a wasan Olamfik, daga baya 'yan fawaliftin suka gaje ta. A ƙarshen shekarun 1960 Ivan Abadjiev ya karɓi ragamar horar da 'yan wasan Bulgeriya. Aƙidarsa ita ce jiki yana sabawa da duk abin da aka ɗora masa kullum. Ya zubar da yawancin atisayen share fage, ya bar ɗagawar gasa da tsuguno, ya sa 'yan wasansa suna hawa kusa da iyakarsu sau da yawa a rana, kusan kowace rana. Sakamakon ya girgiza duniya. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan tara ba ta kwashe zinare uku a Olamfik ta Munik a 1972, ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da Tarayyar Sobiyet. Daga hannunsa Naim Suleymanoglu ya fito, wanda daga baya ya ci wa Turkiyya zinare uku.

Sai dai tsarin ya tsaya ne a kan abubuwan da ba a cika faɗa ba. Gwamnati ce ke tato yara daga makarantun wasanni na ƙasa baki ɗaya, ta ciyar da su, ta ɗauke musu kowane aiki sai ɗaga ƙarfe. Wanda gwiwarsa ko bayansa ya gaza sai a sallame shi, akwai wani a layi. Ba banza aka yi wa Abadjiev laƙabi da Mahauci ba. Sannan ga magunguna. A Olamfik ta Seul a 1988 an ƙwace zinare biyu daga 'yan Bulgeriya bayan gwajin fitsari, tawagar ta janye daga gasar. A Sidni a 2000 an sake kama uku. Duniya ta ga waɗanda suka hau dandamali, ba ta ga waɗanda aka mayar gida da ɗingishi ba. Saurayin da ke kwaikwayon wannan tsari a yau, bayan ya wuni a kasuwa ko a kan babur, ya ɗauki wahalar ne ya bar duk abin da ya tallafe ta.

Sobiyet ta bi wata hanyar, hanyar alƙalami da takarda. Leonid Matveyev ya tsara rarraba shekara zuwa zango-zango a shekarun 1960: lokacin gini, lokacin kaifafawa, lokacin hutu. A shekarun 1970 kociya Alexander Prilepin ya bi kundayen atisayen 'yan wasa masu yawa ya fitar da jadawalin da har yau ake aiki da shi. A jadawalin, idan nauyi yana wajen kashi 70 cikin 100 na iyakar mutum, zai iya yin ɗagawa 12 zuwa 24 a zama ɗaya. Idan ya kai kashi 80, sai ya tsaya tsakanin 10 da 20. Idan ya haura kashi 90, to 4 zuwa 10 ne kacal, kuma ɗaiɗai ko bibbiyu. Bayan rushewar Sobiyet, Boris Sheiko ya shigo da wannan tunani cikin fawaliftin, ya horar da tawagar Rasha ta mamaye gasar duniya. 'Yan wasansa suna yawan atisaye, amma matsakaicin nauyinsu wajen kashi 70 yake, ba sa taɓa iyakarsu sai gasa ta matso.

A Amurka, wanda ya ɗauko littattafan Sobiyet ya karanta shi ne Louie Simmons na gidan atisayen Westside Barbell a birnin Kolombus, kuma ciwo ne ya kai shi. Ya karya ƙashin bayansa a 1973, a cikin jinyar ya ƙirƙiro na'urar da ake kifa ciki a kai ana lilo da ƙafafu don ƙarfafa baya. Da ya sake karya shi a farkon shekarun 1980 sai ya yarda cewa tsarin ne ke da gyara. Ya raba mako gida biyu: rana ɗaya ta nauyi mai tsanani, amma ana sauya irin ɗagawar duk bayan mako ɗaya zuwa uku don kada gaɓa ɗaya ta riƙa shan duka a wuri ɗaya, rana ɗaya kuma ta sauri da nauyin da bai wuce kashi 50 zuwa 60 ba. Da wannan ya yi tsuguno da laba 920, kimanin kilo 417, bayan ya haura shekara 50. Duk da haka jijiyar gwiwarsa ta tsinke a 1991, kuma har ya rasu a 2022 yana da shekara 74 jikinsa cike yake da ɗinki.

Riga da allura

Abu biyu suka shigo wasan suka ba mutum damar ɗaukar abin da jikinsa bai kai ba. Na farko tufafi ne. A farkon shekarun 1980 John Inzer ya fito da wata matsattsiyar riga da ke tara ƙarfi idan sanda na saukowa, ta taimaka wajen mayar da ita sama. Da irinta Ted Arcidi ya tura laba 705 a 1985. Aka ci gaba da ninka yadin, har Gene Rychlak ya haura laba 1,000 a 2004. A 2023 Jimmy Kolb ya tura sama da kilo 635 da riga, alhali Julius Maddox, wanda ya kafa tarihin turi ba riga a 2021, kilo 355 ya tura. Wannan ratar ta kilo 280 yadi ne ke ɗauke da ita, amma ƙashin hannu da wuyan hannu na mutum ne. Idan riga ta yage ko sanda ta kauce layi, babu tsokar da za ta tare ta. Ƙosawa da wannan ce ta sa aka koma ga ɗagawa ba riga, har IPF ta buɗe mata gasa ta musamman a 2012, yau kuma ita ta fi yawan mabiya.

Na biyu ya fi muni. A 1958 kamfanin Ciba ya fitar da ƙwayar Dianabol, likita John Ziegler kuma ya gwada ta a kan 'yan wasan Yok, garin da fawaliftin zai fito daga cikinsa. Magungunan ƙara tsoka suna faɗaɗa ratar nan da ke tsakanin tsoka da jijiya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2015 ya kwatanta masu ɗaga ƙarfe 88 da suka daɗe suna amfani da su da wasu 54 da ba su taɓa ba. Kashi 22 cikin 100 na masu amfani sun taɓa tsinka jijiya, a ɗaya ɓangaren kashi 6. Tsinkewar jijiyar ƙirji da hannu kuwa a cikin masu amfani kaɗai aka same ta. Na ƙasar Finlan ya fi tayar da hankali. An bi sawun manyan 'yan fawaliftin 62 da suka yi fice tsakanin 1977 da 1982, waɗanda ake kyautata zaton sun yi amfani da magungunan. Cikin shekara 12, takwas sun mutu, wato kashi 12.9 cikin 100, alhali a sa'o'insu na gari kashi 3.1 ne. Uku bugun zuciya ya kashe su, uku su suka kashe kansu.

Ed Coan, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin gwarzon wasan na kowane zamani, ya tattara darussan nan duka a jikinsa. A 1991 ya ciri kilo 409 yana da nauyin kilo 100. An san shi da tsari: yakan fara zango da nauyi mai sauƙi da ɗagawa goma, ya riƙa ragewa zuwa takwas, biyar, uku, biyu, da wuya a ga ya gwada abin da zai kasa a wurin atisaye. Wannan ya ba shi sama da shekara ashirin a sahun gaba. Amma IPF ta haramta masa gasarta har abada a 1996 saboda gwajin magunguna, gwiwarsa ta tarwatse a ƙarƙashin sanda a 2002, daga baya kuma aka sauya masa ƙashin ƙugu biyu. Tsari yana tsawaita rayuwar ɗan wasa, amma wanda ya zauna a ƙololuwa shekara da shekaru sai ya biya wani abu.

Abin da ƙididdiga ta nuna

Wanda ya karanta zuwa nan zai iya zaton babu wasan da ya kai wannan haɗari. Alƙaluma ba su ce haka ba. Wani nazari da masana daga Suwidin suka wallafa a 2017, wanda ya tattara binciken da aka yi a baya, ya samu rauni 1 zuwa 4.4 a cikin kowace awa 1,000 ta atisayen fawaliftin. Masu gudu don motsa jiki suna samun kimanin 7.7 a awa 1,000, sababbin shiga gudu kuwa kusan 18. Ƙwallon ƙafa a ranar wasa ta fi su duka. Ɗaga ƙarfe da tsari yana cikin wasanni masu sauƙin haɗari.

Sai dai akwai wata fuskar. A 2018 an tambayi 'yan fawaliftin 104 a Suwidin, waɗanda suke gasa amma ba su kai sahun farko ba. Kashi 70 cikin 100 suna ɗauke da rauni a ranar da aka tambaye su, kashi 87 sun yi rauni cikin shekarar da ta wuce. A cikin masu raunin, kashi 16 ne kawai suka dakatar da atisaye. Sauran suna ta ɗagawa a kan ciwo, a gadon baya da kafaɗa da ƙugu. Masu binciken sun nuna yatsa ga abu biyu: yadda ake sarrafa nauyi, da kyawun salon ɗagawa. Wani bincike na 2006 a kan 'yan wasa 101 daga yankin Ostireliya da Niyu Zilan ya ƙara haske. Masu gasar cikin gida suna samun rauni 5.8 a awa 1,000, masu gasar ƙasa da ƙasa kuwa 3.6. Waɗanda suka fi ɗaukar nauyi su suka fi ƙarancin rauni. Da a ce nauyi shi kaɗai ne mai laifi, da akasin haka aka gani.

Daga wannan fahimta aka samu sauyi mafi amfani na 'yan shekarun nan. A 2008 Mike Tuchscherer ya yaɗa hanyar auna wahalar zubi da maki ɗaya zuwa goma. Goma na nufin ba sauran ko ɗagawa ɗaya a jiki, tara saura ɗaya, takwas saura biyu. Maimakon takarda ta tilasta wa mutum kilo kaza ko ya yi barci ko bai yi ba, sai ya duba abin da jikinsa ya zo da shi a ranar, ya tsaya a bakwai ko takwas. Abin da Hepburn ya yi da basira a shekarun 1950 ne aka dawo aka sa masa lamba.

Rabonmu a wannan tarihi

Najeriya ba 'yar kallo ba ce a nan. A gasar nakasassu ta duniya, inda turin benci kaɗai ake yi, muna cikin manya. Monday Emoghavwe ya ci zinare a Basalona a 1992, shekarar da muka fara halarta, ya maimaita a 1996 da 2000. A Landan a 2012, cikin lambobin yabo 13 da ƙasar ta samu, 12 daga benci suka fito, shida zinare, ciki har da na Yakubu Adesokan da ya tura kilo 180 a ajin masu nauyin kilo 48. A Riyo a 2016 an sake cin zinare shida. Lucy Ejike, wadda shan inna ya kama tun tana ƙarama, ta ci lambar yabo a gasa shida a jere daga Sidni zuwa Tokiyo, uku zinare. A Faris a 2024 Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167, Onyinyechi Mark ta tura 150, kowacce ta kafa tarihin duniya.

Su ne kuma rauni ya fi yi wa tsada. Binciken da aka yi a gasar Landan ya ƙirga rauni 38 a tsakanin 'yan benci 163. Kashi 61 cikin 100 na raunukan tsofaffi ne da yawan aiki ya tara, kuma kafaɗa ce kan gaba. Mai ƙafa biyu idan kafaɗarsa ta lalace zai rataye hannu ya tafi kasuwa. Mai keken guragu ko sanda, kafaɗar nan da ita yake tafiya, da ita yake hawa gado, da ita yake shiga banɗaki. Ndidi Nwosu, wadda ta ci zinare a Riyo da kuma gasar ƙasashe renon Ingila ta 2018, ta rasu a Maris na 2020 bayan doguwar jinyar da ta biyo bayan raunin da ta samu. Ƙasar da ke karɓar zinare daga hannun irin waɗannan bayin Allah, wajibinta ne ta riƙe su idan hannun ya gaza. Arewa kuma, inda shan inna ya fi barin tabo kafin a ayyana kawar da shi a 2020, tana da dubban matasa masu ƙarfin dantse da ba a taɓa kwantar da su a kan bencin gasa ba.

A unguwanninmu kuwa wasan yana yaɗuwa ba tare da tarihinsa ba. Ana zuba siminti a gwangwanin fenti a soka rodi, ko a jera tsofaffin ƙarafan injin mota, babu wanda ya san kilo nawa ne, gefe ɗaya ma ya fi ɗaya nauyi. Kullum ranar gwaji ce, domin abokai na tsaye da waya suna ɗauka, ana ta “ƙara masa, zai iya!” Wanda ya zo wurina yakan ce, “Likita, wallahi jiya ma na ɗaga shi lafiya lau.” Gaskiya ya faɗa, kuma a nan ciwon yake: ya ɗaga jiya, ya ɗaga shekaranjiya, jijiyar ba ta samu ranar gyara kanta ba. Wasu kuma an riga an sayar musu da allurar ƙwanji a bayan kanti. A Fabrairun 2025, a garin Bikaner na Indiya, wata 'yar wasa mai shekara 17 ta rasu nan take da sanda mai kilo 270 ta faɗo mata a wuya a wurin atisaye, kocinta yana tsaye a bayanta. Irin wannan nauyi ba mutum ɗaya ke tare shi ba, sai da turakun kariya da mataimaka a kowane gefe.

Don haka, ƙanena mai son ƙarfe, ga abin da shekara sittin ɗin nan suka bar maka. Auna ƙarfenka a sikeli ka san abin da kake ɗauka, ka rubuta shi a littafi. Yawancin ranakunka ka ajiye sanda alhali da sauran ɗagawa biyu ko uku a jikinka. Idan za ka ƙara, ƙara kilo biyu da rabi. Gwajin iyaka ka bar shi sai bayan watanni, kuma kada ka kwanta ƙarƙashin sanda ba mai tsaya maka. Bayan 'yan makonni na nauyi ka sassauta mako guda. Je a auna hawan jininka tun kafin ka fara. Ciwon da ke ƙaruwa daga mako zuwa mako, ko ya hana ka barci, ko ya sauko ƙafa da dindiris, ba na jurewa ba ne. Idan ka ji wani abu ya yage, jini ya kwanta, ka nufi asibiti cikin kwanakin farko, domin jijiyar da ta ɓalle daga ƙashi ɗori ba ya mayar da ita, kuma ɗinkinta ya fi kyau a makonnin farko. Allura kuwa, wanda ya miƙo maka ita ka tuna da mutum takwas na Finlan.

Masu gidajen atisaye su kafa turakun kariya, su ajiye ƙananan faifan ƙarfe, su hana yaro hawa benci shi kaɗai. Hukumomin wasanni na jihohinmu su nemo matasan da shan inna ya taɓa su buɗe musu wannan ƙofa, amma kada su sayi benci sai sun tanadi koci mai ilimi da ma'aikacin lafiya da zai riƙa duba kafaɗunsu. Allah ya ba mu ƙarfi mai amfani, ya kuma bar mu da lafiyar da za mu more shi har tsufa.